Wariyar Launi A Filin Wasa: Darasi Ga Mai Shirin Zama Malami

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ina neman izini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ta filin wasa ce, amma ba maganar wasa ba ce.

Ni mutumin ƙasar Jakusko ne. Galibinku kun san bikin kamun kifi da ake yi a Gogaram, tsohuwar hedkwatar Bade, tun kafin sarauta ta koma Gashuwa. Duk wanda ya taɓa shiga su ya san abu ɗaya, watau koma ba ta haifar kifi. In ta fito da tarwaɗa, tarwaɗa ce a ruwan. In kuwa ta fito da kwaɗo, to, da ma kwaɗon yana ciki. Haka filin wasa yake. Abin da ka ji 'yan kallo suna faɗa da ƙarfi a bakin fili, shi ne abin da ake faɗa a hankali cikin gida da zaure da kasuwa. Wannan shi ne kan darasinmu.

MENE NE WARIYAR LAUNI?

Wariyar launin fata ita ce a ɗauki mutum a ɗora shi sama ko a kai shi ƙasa saboda launin jikinsa da asalinsa, ba don halinsa ko aikinsa ba. Tana zuwa iri biyu. Akwai wadda doka ta kafa, a rubuta a takarda cewa baƙar fata ba ya shiga wuri kaza. Akwai kuma wadda ba a rubuta ba, tana zaune a zuciya da baki. Ta farkon ana iya soke ta rana ɗaya da alƙalami. Ta biyun ita ce mai wuyar magani, ita ce kuma ta shafe mu, mu masu shirin riƙe alli.

Ina son ku lura da dalilin da ya sa wasa ya fi kome tona asirin wannan cuta. A filin wasa ana auna mutum a fili, kowa yana gani. Wanda ya riga kowa isa igiya shi ya yi na ɗaya, ko ɗan wane ne. Ƙwallon da ya shiga raga ya shiga, ko wace irin ƙafa ce ta buga shi. Saboda haka wanda ya ce wasu mutane sun fi wasu tun daga halitta, filin wasa yakan ƙaryata shi. Sai ya zama abu biyu ne suka rage masa: ko ya hana mutanen nan shiga fili, ko kuwa in sun shiga ya tsaya a gefe yana zaginsu. Duka biyun an yi su, za mu gani.

YADDA AKA YI A ƘASARMU ZAMANIN TURAWA

Kada wani ya zaci labarin nan na nesa ne. Zamanin Gwamna Lugga an yi dokar garuruwa a 1917, aka keɓe wa Turawa unguwarsu dabam. Ƙa'idar ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kiwon lafiya. Ku dubi Kano. Ga Birni, ga Fage, ga Sabon Gari inda aka ajiye baƙi mutanen Kudu, ga kuma Nasarawa inda Turawa suka zauna. Yadda aka yanka gari gunduwa-gunduwa, haka aka yanka wasa. Shekaru da yawa kulob na Turawa ne kaɗai. Baƙar fata yana shiga, amma da farin tufafin boyi, ko yana tsinto ƙwallo, ko yana riƙe da linzamin doki.

Wani zai ce, to, ƙwallon doki fa, wanda ake kira folo? Ai Katsinawa sun buga da Turawa, har sun ci su. Gaskiya ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya karɓi wasan nan ya sa 'ya'yansa a ciki. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi ya zauna har 1981, ya shahara a kansa ƙwarai, har sunansa ya kai ƙasashen waje. Abin alfahari ne, gama sun nuna wa mai mulki cewa hawan doki ba shi ya kawo shi ba. Amma mu tambayi kanmu, su wa aka buɗe wa ƙofar? 'Ya'yan sarauta da na kusa da su. Turawa sun yi mulkin Arewa ta hannun sarakuna, sai filin folo ya fito da siffar mulkin nan sak. Ɗan sarki yana kan doki tare da Razdan, ɗan Kwalejin Katsina yana buga ƙwallon bango da kurket, ɗan talaka kuwa yana dandali yana langa da kokawa. Kowane hawa na jama'a da wasansa.

A 1947 wani abu ya faru a Ikko. Wani babban ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, Ivor Cummings, wanda ubansa mutumin Saliyo ne, ya zo aiki, aka hana shi ɗaki a otel ɗin Bristol don launinsa. Jaridu suka yi ca, mutane suka fusata. Dole Gwamna Richards ya ba da umurnin a daina irin wannan bambanci a wuraren jama'a. Ku riƙe shekarar nan, za ta yi mana amfani nan gaba kaɗan.

YADDA AKA YI A ƘASASHEN WAJE

Mu fara da Ingila, wadda ta mulke mu. Daga 1911 har zuwa 1948 ba a yarda baƙar fata ya yi damben neman kambin Birtaniya ba, ko da a can aka haife shi. Da aka ɗage dokar, a cikin shekarar nan ta 1948 wani baƙar fata mai suna Dick Turpin ya ci kambi. Ashe da ma ba gwaninta aka rasa ba, ƙofa ce a rufe. Bayan wannan ne 'yan damben Nijeriya da suka tafi neman sa'a Ingila suka ɗaga kai. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya zama zakaran duniya a ajinsa a birnin Paris a 1957. Dick Tiger ya bi sawunsa a 1962, ya kuma kare kambinsa a Ibadan a 1963.

A Amurka akwai Jesse Owens. A wasannin Olimfik na Barlin a 1936, a gaban gwamnatin Hitila mai cewa jinsinsu ya fi na kowa, Owens ya ci lambar zinariya huɗu: tseren mita 100, da na mita 200, da dogon tsalle, da tseren miƙa sanda. Duniya ta ce an kunyata Jamus. Amma da ya koma gida, aka shirya masa liyafa a wani babban otel na Niyok, sai aka sa shi ya hau ta na'urar ɗaukar kaya, don baƙar fata ba ya bin ta manyan baƙi. Shugaban ƙasarsa bai ko aika masa da barka ba. Daga baya har tsere ya riƙa yi da dawaki don ya sami abin sa wa a baka. Zinariya huɗu ba ta sauya dokar gari ba.

A babban rukunin wasan besbol na Amurka kuwa, sai a 1947 aka sa baƙar fata, Jackie Robinson, bayan shekaru masu yawa ƙofa tana rufe. Kun ga shekarar ta zo daidai da ta otel ɗin Ikko, kuma shekara guda tsakaninta da ta damben Ingila. Ba dace ne kawai ba. An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945. Baƙaƙen fata sun yi yaƙin, cikinsu har da iyayenmu na Arewa da aka kai Bama. Suka dawo suna tambaya, in jininmu ya isa a zubar, don me ƙafarmu ba ta isa ta taka ƙofa ba? Gari ya fara motsi, sai fili ma ya motsa.

Afirka ta Kudu ita ce ta kai abin iyaka. Daga 1948 aka kafa mulkin wariya da doka, aka raba unguwa da makaranta da asibiti, aka raba filin wasa da wurin zaman 'yan kallo. Nan ne kuma aka ga cewa fili ma yana iya tura gari. An hana ƙasar zuwa Olimfik na Tokiyo a 1964, aka kore ta daga ƙungiyar gaba ɗaya a 1970. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ja gaban wannan gwagwarmaya ɗan Nijeriya ne, Abraham Ordia, shugaban majalisar ƙoli ta wasannin Afirka. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Nijeriya, suka janye daga Olimfik na Montiriyal, don an bar Niyu Zilan ta shiga alhali 'yan wasanta sun je sun yi wasa a Afirka ta Kudu. Samarinmu da suka yi shekara huɗu suna shiri suka kwaso kayansu suka dawo. Sai a 1992, bayan an fara rushe mulkin wariya, aka sake karɓar Afirka ta Kudu.

YADDA AKE CIKI A ZAMANINMU

Dokokin nan duk an soke su. Saura ta zuciya da baki. Bari in ba ku misali uku.

Na ɗaya ya shafi ɗanmu Ahmed Musa. An haife shi a Jos, ya yi suna a Kano Pillars, ya tafi ƙungiyar CSKA ta birnin Masko a 2012. A watan Oktoba 2013 Manchester City ta je Masko wasa. Wasu magoya bayan CSKA suka riƙa yi wa Yaya Ture, ɗan ƙasar Kwaddibuwa, kukan biri. Hukumar ƙwallon Turai ta hukunta ƙungiyar, ta rufe wani sashe na filinta. Abin mamaki, a lokacin nan CSKA tana da Ahmed Musa, tana kuma da Seydou Doumbia, wanda ƙasarsu ɗaya da Yaya. Watau baƙin da yake ci mana ƙwallo namu ne, wanda ya zo cin mu kuwa biri ne. Wannan ba so ba ne, haya ce.

Na biyu ya tabbatar da haka. A watan Yuli 2021 Ingila da Italiya suka yi wasan ƙarshe na Kofin Turai a Wambali. Aka kai ga bugun fanareti. Samari uku baƙaƙe suka ɓarar: Rashford, da Sancho, da Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shekarunsa 19 a lokacin. Kafin gari ya waye an cika intanet da zaginsu da hoton biri, ana ce musu su koma inda suka fito, alhali a Ingila aka haife su duka. Jiya suna 'yan ƙasa, yau sun zama baƙi. Ni a wani gidan kallon ƙwallo na Gashuwa na ga wasan nan, kuma da labarin zagin ya iso, ba wanda ya fi ni ɗaga murya.

Na uku shi ya fi kusa da aikinmu. Ran 30 ga Afrilu 2017, Sulley Muntari ɗan ƙasar Gana yana buga wa Pescara wasa a garin Cagliari na Italiya. Aka yi ta zaginsa. Ya kai ƙara wurin alƙalin wasa, sai alƙali ya ba shi katin gargaɗi. Ya fita daga fili, aka ƙara masa hukuncin dakatarwa na wasa ɗaya, sai da duniya ta yi surutu aka soke. Amma abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Muntari ya ba da labari cewa cikin masu zaginsa akwai yaro ƙarami, iyayensa suna kusa da shi. Ya je wurin yaron ya ce masa ya bari, ya tuɓe rigarsa ya ba shi. Jama'a, wa ya koya wa yaron nan? Ba a haife shi da zagin a baki ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

MU DAWO GIDA

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga nawa.

An tura ni gwajin koyarwa wata makarantar firamare a ƙasarmu. Hedimasta ya ba ni yaran aji biyar da shida in riƙa fita da su wasa. Na yi yadda na ga ana yi, na fid da manya biyu na ce kowa ya zaɓi nasa. Yaran Badawa ne galibi, da Mangawa da Hausawa. Kullum yara biyu ake bari a ƙarshe. Ɗaya ɗan Filani ne daga wata ruga, ɗayan kuwa ɗan wani mutumin Kudu ne mai shago a garin. Ɗan Filanin ya fi su duka gudu, amma kullum gola ake sa shi. In ƙwallo ya wuce shi, sai yara su haɗa baki su yi masa kukan saniya. Ran farko da na ji, dariya na yi. Ni ne fa mai ɗaga murya a Gashuwa saboda Saka.

Bayan mako biyu yaron ya daina fitowa fili. Bayan mako uku ya daina zuwa makaranta. Na ari keke na tafi rugarsu. Ubansa ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini nono. Na ce, "Baffa, yaron nan yana da kai, a bar shi ya dawo." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, shanuna ba su taɓa yi masa dariya ba." Ban sami abin cewa ba. Kafin in gama gwajina sun tashi da dabbobinsu, ban sake ganinsa ba.

Wani zai ce wannan ai ba wariyar launi ba ce, duk baƙaƙe ne, kuma tsakanin ƙabilunmu akwai wasan taubasantaka. Na yarda ba daidai suke da mulkin Afirka ta Kudu ba, gama ba doka a bayansa. Amma uwarsu ɗaya, watau a cire mutum daga cikin mutane a haɗa shi da dabba saboda asalinsa. Taubasantaka kuwa tana da alama: ana yi ana ramawa, kowa yana dariya. In ashirin suna yi wa ɗaya, shi kuwa kansa a sunkuye, ba wasa ake yi ba. Kuma na san inda yaran suka samo shi. Lokacin kaka ne, ana ta maganar ɓarnar gona a dandali, manya suna faɗar abin da suke faɗa a kan makiyaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Irin wannan yana da yawa a cikinmu in mun duba. A ƙasar Hausa dambe wasan mahauta ne tun asali. Mai kuɗi zai yi wa ɗan dambe kari a fili, amma je ka nemi 'yarsa ka gani. A wasan unguwa da unguwa, ko a Nguru ko a Gashuwa, ku saurari sunayen da ake kiran ɗan wasan da ba ɗan gari ba in ya ɓarar da ƙwallo. Ku kuma tuna yadda muke yabon fara mu rena baƙa a maganar aure, har 'yan'uwanmu mata suna ɓata fatarsu da man shafawa. Mu da muke kuka da Turawa, mun ajiye sikelinsu a ɗakinmu.

AIKIN MALAMI A FILIN WASA

Ba mu da iko da filin Masko, amma kowannenmu za a ba shi fili da yara. Ga abin da na koya, bayan na yi hasara.

Na ɗaya, kada ka bar yara su zaɓi 'yan wasa da kansu kullum. Jera su, su ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko ka yi ƙuri'a. Ka riƙa sauya ƙungiya kowane mako, don kada unguwa ko ƙabila ta zama ƙungiya.

Na biyu, tsaron gida da shugabancin ƙungiya su riƙa zagayawa. Da na ba ɗan mutumin Kudun nan shugabanci na mako guda, yara suka yi gunaguni ran Litinin. Ran Alhamis kuwa na ji suna kiransa da sunansa na yanka, abin da ban taɓa ji ba.

Na uku, in ka ji an zagi yaro da asalinsa, busa usur nan take ka tsai da wasa. Kada ka yi irin ta alƙalin Muntari, ka hukunta mai kuka ka bar mai duka. Ba sai ka ɗauki bulala ba. Tara su ka tambayi mai zagin, in an kai shi garin da ba kowa nasa aka yi masa haka, yaya zai ji?

Na huɗu, ka tsare bakinka da dariyarka. Yara ba su cika riƙe abin da malami ya rubuta a allo ba, amma ba su manta abin da ya yi wa dariya.

Na biyar, kai maganar cikin aji. Labarin Owens da na Ordia darasin tarihi ne. Yadi 440 darasin lissafi ne: fita da su fili su auna, su ga nisan da aka sa tsakanin mutum da mutum. Ka kuma sa kowane yaro ya koya wa saura wasan gidansu da sunansa a harshensu.

Ga tambayoyi uku, ina roƙon 'yan ajinmu su tattauna kafin a fita gwajin koyarwa na gaba. Me ya sa filin folo ya karɓi ɗan sarki kafin kulob ya karɓi akawu? Ina bambancin taubasantaka da cin mutunci, kuma wa ya kamata ya yanke, mai yi ko wanda ake yi wa? A makarantar da ka yi, wane yaro ne ake bari a ƙarshe in ana zaɓe, kuma me ka yi a kai?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya yi kukan saniya a filin firamare yana da shekara goma sha ɗaya, in ba a tsai da shi ba, shi ne zai zama mai unguwa ko ɗan sanda ko alƙali, ya riƙa auna mutane da wannan mudu. Ni dai na rasa ɗalibi ɗaya saboda dariyar minti guda. Allah ya sa kada waninku ya rasa nasa.